Sankarar hanji: Yadda ake amfani da kwamfuta wajen jan hankalin mutane zuwa gwaji, da inda ƙarfinta ya tsaya

Sankarar babban hanji da dubura na daga cikin 'yan tsirarun cututtukan daji da likita zai iya tare wa hanya tun kafin su zama daji. Duk da haka ita ce ta uku wajen yawan kama mutane a duniya, kuma ta biyu wajen kisa bayan sankarar huhu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 kaɗai an gano cutar a jikin mutum fiye da miliyan 1.9, sama da 930,000 kuma suka rasu sanadinta.

Gwaje-gwajen da ke gano ta da wuri sun daɗe da samuwa. Abin da ya gagari hukumomin lafiya, har a ƙasashe masu arziki, shi ne shawo kan mutumin da ke jin kansa garau ya ba da bayan gidansa a auna, ko ya yarda a leƙa cikin hanjinsa da na'ura. A Amurka kusan uku cikin goma na 'yan shekara 50 zuwa 75 ba su yi gwajin a kan kari ba. A wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda aka gudanar a Polan da Norwe da Suwidin, kashi 42 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka gayyata suka amsa kiran leƙen hanji.

Wannan giɓi ne ya sa masu bincike a Amurka suka shafe fiye da shekara 20 suna jarraba wata dabara: a bar kwamfuta ta yi wa mutum tambayoyi, ta gano abin da ke hana shi zuwa gwaji, sannan ta yi masa bayani daidai da halin da yake ciki. Dabarar ta yi aiki a wasu wurare, ta gaza a wasu, kuma an san dalilin bambancin.

Me ya sa ake gwajin mutumin da ba ya jin ciwo?

Akasarin sankarar hanji kan faro ne daga wani ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wanda ba ya ciwo kuma sau da yawa ba ya nuna wata alama. Mafi yawan irin waɗannan tsiro ba sa zama komai. Wasunsu ne ke rikiɗewa su zama daji sannu a hankali, galibi cikin shekara goma ko fiye. Wannan jinkiri shi ne damar likita. In aka cire tsiron, an toshe wa cutar hanya daga wannan gurbi. In kuma ta riga ta fara amma ba ta fita daga hanjin ba, alƙaluman Amurka sun nuna cewa kusan tara cikin goma na masu ita na raye bayan shekara biyar. Da zarar ta yaɗu zuwa hanta ko huhu, adadin kan faɗo ƙasa da biyu cikin goma.

Manyan hanyoyin gwajin biyu ne. Ta farko gwajin bayan gida ce, wanda aka fi sani da FIT. Mutum zai ɗebi ɗan kaɗan da wani tsinke a gidansa, ya rufe a kwalba ya aika ɗakin gwaji, inda za a nemi ɓoyayyen jinin da ido ba ya gani. A Amurka ana maimaita shi duk shekara, a Ingila duk shekara biyu. Ta biyu ita ce kolonoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta dubura don a duba babban hanji gaba ɗaya, a kuma cire tsiro nan take idan an gan shi. Wanda aka duba ba a ga komai ba, sai bayan shekara goma zai sake. Sai dai tana da wahala: ana shan maganin wanke ciki tun ana gobe, yawanci ana ba da maganin barci, mutum ya rasa aikin yini guda, kuma sai ya samu wanda zai mayar da shi gida.

Ƙa'ida ɗaya ta haɗa hanyoyin biyu, kuma za ta sake tasowa a gaba. Duk wanda gwajin bayan gidansa ya nuna jini, wajibi ne a yi masa kolonoskofi. In ba a yi ba, gwajin farko ya tashi a banza.

A 2021 kwamitin ƙwararrun da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya sauko da shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45, saboda cutar na ƙaruwa a tsakanin masu ƙananan shekaru. Shekara guda kafin nan ta kashe Chadwick Boseman, tauraron fim ɗin Black Panther, yana ɗan shekara 43.

Aikin tela

Takardar wayar da kai da ake ajiyewa a ɗakin jiran asibiti kamar rigar kanti ce, awo ɗaya aka yi wa kowa. Wani lokaci akan gyara ta domin wani rukuni, a ce mata ko masu jin Sifaniyanci, amma duk 'yan rukunin abu guda za su karanta. Abin da masu wannan bincike ke nufi da keɓantaccen bayani ya fi kama da aikin tela: a auna mutum ɗaya, a ɗinka masa nasa.

Ga yadda abin ke tafiya. Kafin a kira mutum wurin likita, sai a zaunar da shi gaban kwamfuta ko a miƙa masa ta hannu. Manhajar za ta tambayi shekarunsa, ko akwai mai cutar a danginsa, da ko ya taɓa yin gwaji. Za ta auna abin da ya sani. Sannan ta shiga tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ke hana shi. Akwai mai tsoron zafi, akwai mai jin kunya, akwai mai ƙyamar taɓa bayan gida, akwai wanda kuɗi ne damuwarsa, akwai kuma mai ganin cewa in dai za a gano daji gara kada ya sani. Daga amsoshin ne manhajar ke zaɓo saƙo daga rumbun bayanan da aka riga aka rubuta aka kuma ɗauka a bidiyo. Mai tsoron zafi za a nuna masa yadda maganin barci ke aiki. Wanda ya ce ba zai iya barin aiki ba, a gabatar masa da gwajin gida. Wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, a bayyana masa cewa tsiron ba ya ciwo. A wasu manhajojin, a ƙarshe akan buga 'yar takarda ya shiga da ita wurin likita.

Ya kamata a lura cewa manhajojin da aka jarraba a waɗannan bincike ba ƙirƙirarriyar basira irin ta yau ba ce. Mutane ne suka zauna suka rubuta ƙa'idojin: in ya amsa kaza, a nuna masa kaza.

Tunanin da aka gina su a kai ya girmi kwamfutar kan tebur. A shekarun 1950 masana halayyar ɗan Adam da ke aiki da hukumar lafiyar jama'a ta Amurka sun yi ta mamakin yadda mutane ke ƙin zuwa hoton ƙirji na kyauta domin gano tarin fuka. Abin da suka fahimta shi ne mutum ba ya motsawa sai ya yarda cutar za ta iya kama shi, tana da tsanani, kuma amfanin gwajin ya rinjayi wahalarsa. A 1977 Albert Bandura ya ƙara da cewa sai mutum ya yarda zai iya aikata abin. James Prochaska da Carlo DiClemente, daga nazarinsu kan masu son daina shan taba, suka nuna cewa mutane na kan matakai daban-daban: wani bai ma fara tunani ba, wani yana shawara, wani ya shirya. A farkon shekarun 1990 aka fara amfani da waɗannan ra'ayoyi wajen buga wa mutane keɓantattun wasiƙu kan taba da abinci da gwajin sankarar mama. Allon taɓawa da bidiyo daga baya suka zo.

Ba a rasa dalilin da ya sa dabarar ta burge likitoci ba. Lokacin ganin likita gajere ne, kuma ciwon da ya kawo mutum ne ke cinye shi. Bidiyo da murya na isa ga wanda karatu ke yi wa wuya. Kuma akwai maganar da mutum zai fi sakin jiki ya gaya wa na'ura fiye da ya faɗa a gaban ɗan'uwansa mutum.

Abin da aka gani da aka gwada

A 2011 Sally Vernon da abokan aikinta a birnin Houston na jihar Teksas suka wallafa sakamakon bincike kan mutum 1,224 da lokacin gwajinsu ya wuce. An raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashin farko ya yi amfani da keɓantacciyar manhaja, na biyu ya duba shafin intanet na kowa da kowa, na uku tambayoyi kawai ya amsa. Bayan wata shida, kusan uku cikin goma ne suka yi gwajin a kowane kashi. Duk aikin da aka zuba a manhajar bai haifar da bambanci ba.

Binciken da ya fi fito da matsalar fili shi ne na Anthony Jerant na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda mujallar Annals of Family Medicine ta buga a 2014. Mutum 1,164 ne suka shiga, kusan rabinsu 'yan asalin Latin Amurka, kuma an tanadi manhajar da Turanci da Sifaniyanci domin manufar ita ce a rage tazarar da ke tsakanin ƙabilu wajen yin gwaji. A duk ma'aunin da ake ɗauka nan take, keɓantacciyar manhajar ta yi nasara. Waɗanda suka yi amfani da ita sun fi sanin cutar, sun fi jin za su iya, sun fi shiri, sun fi tayar da maganar a gaban likita, likitocin ma sun fi ba su shawarar yin gwajin. Da aka duba kundin asibiti bayan shekara guda, kashi 23 cikin 100 nasu ne suka yi gwajin. A ɗaya ɓangaren, wanda aka nuna wa bayani na gama-gari, kashi 22 ne.

Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya taɓa wani zato da ya yi kaka-gida a harkar lafiyar jama'a, a can da nan: cewa jahilci ne matsalar, wayar da kai kuma maganinta. Mutanen Jerant an wayar musu da kai, ma'auni ya tabbatar. Sun fita daga ɗakin da niyya. Amma tsakanin niyya da gwaji akwai matakai da dama, kuma a kowanne ana zubar da mutane. Sai likita ya tuna ya rubuta umarnin. Sai an samu rana a sashen leƙen hanji. Sai mutum ya fahimci yadda ake shan maganin wanke ciki, ya nemi izini a wurin aiki, ya samu mai raka shi. Kwalbar gwajin gida ma takan kwana wata da watanni a kan kanta ba a mayar ba. Manhajar ta gama aikinta ne a daidai inda wahalar ta fara.

Ba duk binciken ne ya fito haka ba. Susan Rawl ta Jami'ar Indiyana ta jarraba keɓantacciyar manhaja a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda cutar ta fi kamawa ta kuma fi kashewa idan aka kwatanta da farare, kuma ta samu ƙaruwar masu yin gwaji. Amma babban sauyi ya zo ne daga wata manhaja da ta ɗauki wani salo.

Manhajar da ta ba mara lafiya alƙalami

David Miller da tawagarsa a makarantar likitanci ta Wake Forest da ke jihar Karolina ta Arewa sun ƙera manhajar iPad mai suna mPATH. Tana tambayar tarihin lafiya, ta gaya wa mutum cewa lokacin gwajinsa ya yi, ta nuna masa gajeren bidiyo kan zaɓin da ke gabansa. Zuwa nan ba ta bambanta da sauran ba. Sabon abin shi ne tana ba shi damar ya danna ya nemi gwajin da kansa, ba sai ya jira likita ya tuna ba. Bayan ya koma gida kuma tana bin sa da saƙonnin waya ko imel da suka dace da gwajin da ya zaɓa, tana tuna masa tana yi masa jagora.

An jarraba ta kan mutum 450 a ƙananan asibitoci shida, fiye da rabinsu masu samun ƙasa da dala 20,000 a shekara. A sakamakon da mujallar Annals of Internal Medicine ta buga a 2018, an rubuta wa kashi 69 cikin 100 na masu manhajar umarnin gwaji, a ɗaya ɓangaren kashi 32. Waɗanda suka kammala gwajin cikin mako 24 kuwa kashi 30 ne, ninki biyu na kashi 15 da aka samu a ɓangaren da ba a ba manhajar ba.

Ninki biyu ba ƙaramin abu ba ne. Amma a sake duba alƙaluman: daga 69 zuwa 30. Fiye da rabin waɗanda aka rubuta wa gwajin ba su kai ƙarshe ba.

Wani bincike na Daniel Reuland, da aka wallafa a 2017, ya nuna abin da ke iya cike wannan rami. A cibiyoyin lafiya na talakawa a Karolina ta Arewa da New Mexico, an haɗa bidiyon bayani da ma'aikaci ɗan Adam wanda aikinsa shi ne ya bi mutum har ya gama: ya miƙa masa kwalbar gwaji, ya kira shi a waya, ya taimaka masa da abin da ya tsaya. Cikin mutum 265, kashi 68 cikin 100 na waɗanda suka samu wannan haɗi sun yi gwajin cikin wata shida, a ɗaya ɓangaren kashi 27.

Sai kuma misalin Kaiser Permanente, babban tsarin inshora da asibitoci a arewacin Kalifoniya, wanda bai dogara da rarrashi ba. Tun wajen 2007 ya riƙa aika wa mambobinsa da suka kai shekaru kwalbar FIT ta gidan waya duk shekara, yana kuma bin sawun duk wanda aka ga jini a nasa har a yi masa kolonoskofi. Masu gwaji a kan kari sun tashi daga kashi 38.9 cikin 100 a 2000 zuwa 82.7 a 2015, mace-macen cutar kuma suka ragu da kusan rabi. Wannan ba gwajin ƙuri'a ba ne, saboda haka ba za a jingina dukkan raguwar ga shirin ba. Duk da haka babu keɓantacciyar manhajar da ta kusanci irin wannan adadi.

Wa ke biya, wa ke riƙe da bayanan?

Duk wannan ya faru ne a ƙasar da doka ta riga ta share wani ɓangare na hanya. Dokar inshorar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da sunan Obama, ta tilasta wa yawancin kamfanonin inshora biyan kuɗin gwajin ba tare da an cire wa mutum ko sisi ba. Amma shekaru da dama an bar wata ɓaraka: wanda ya yi gwajin gida kyauta aka ga jini, yana iya samun takardar biyan kuɗi a kan kolonoskofin da ya biyo baya, domin ana lissafa shi a matsayin binciken ciwo. Sai a 2022 aka toshe wannan ga masu inshora mai zaman kanta, a 2023 kuma ga tsofaffin da ke ƙarƙashin shirin Medicare. Babu bidiyon da zai kawar da tsoron takardar kuɗi alhali takardar na nan tafe.

Akwai kuma batun sirri. Manhajar da ke ɗinka wa mutum bayani sai ta fara tattara tarihin danginsa da abin da yake tsoro da halin aljihunsa. Wanda ke shirin sayo irin wannan fasaha da kuɗin jama'a ya kamata a tambaye shi inda bayanan za su zauna, da wanda zai iya buɗe su. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman.

Abin da aka gani a Najeriya

Najeriya ba ta da tsarin gayyatar jama'a zuwa gwajin sankarar hanji irin na Ingila, kuma yawancin masu cutar na isa asibiti ne bayan ta yi nisa. Wani bincike da Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya jagoranta, wanda mujallar Lancet Global Health ta buga a 2022, ya raba kwalbar FIT ga mutum 2,330 'yan shekara 45 zuwa 75 a jihohin Osun da Kwara da Legas. Kusan tara cikin goma sun mayar da ita, adadin da ya zarce abin da ake samu a ƙasashe da dama masu arziki. Matsalar ta ɓullo ta wani gefe: kusan ɗaya cikin biyar ne gwajinsa ya nuna jini, kashi biyu cikin uku nasu suka je kolonoskofi, kuma ƙalilan ne ƙwarai aka samu da daji. Da yawa basir aka gani. Ma'anar wannan ita ce shirin gwaji na ƙasa zai tura dubban mutane zuwa na'urar leƙen hanji, wadda samunta da ƙwararrun da ke sarrafa ta ya taƙaita ne a manyan asibitoci, kuma galibi daga aljihu ake biya.

Maganar basir tana da wata fuska da mai karatu ya sani. Jini a bayan gida kusan kullum basir ake kiransa, kuma masu maganinsa na nan a kowace tasha da lasifika. Sau da yawa basir ɗin ne. Amma duk abin da aka faɗa a sama game da gwaji ya shafi wanda ba shi da wata alama ne. Mai ganin jini, ko sauyin yanayin bayan gida da ya ɗauki makonni, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jini, ko ciwon ciki da ya ƙi tafiya, likita yake buƙata ya bincika shi ko shekarunsa nawa. Wanda kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, shawarar da ake bayarwa a Amurka ita ce ya fara kolonoskofi yana ɗan shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa.